Ana yi wa Mama gashin ciwon daji, gudawa ta matsa mata: mu ba ta bitamin C da E?

"Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata ce, shekarunta 58, aka gano tana da ciwon daji na bakin mahaifa. Yanzu ana yi mata gashi a asibitin Shika, ta shiga mako na uku. Tun farkon satin nan gudawa ta kama ta, tana zagayawa sau biyar sau shida a rana, ga murɗawar ciki, abinci ma sai an yi da gaske take ci. Wata 'yar'uwarmu ta kawo mata bitamin C mai narkewa a ruwa, na 1000, da ƙwayoyin bitamin E na 400, ta ce mai kyamis ya ce suna kare hanji daga ƙunar gashi. Ni ma na duba intanet na ga an rubuta haka. Mu ba ta, ko da wata illa?" Daga wata 'yar'uwa, Tudun Jukun, Zariya.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da jinya 'yar'uwa, ya mai jiki? Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan ɗawainiya.

In na fahimce ki, tambaya biyu kika ɗaure wuri guda: shin waɗannan bitamin suna kare hanji da gaske, sannan in suna yi, da abin da za a yi asara a madadin haka? Ga amsata tun kafin bayani, don kada ki gaji da karatu ki wuce ta: kada ku ba ta yanzu. Ku ajiye kwalaben, ranar da za ta koma gashi ku tafi da su ku nuna wa likitan da ke duba ta. Mai kyamis ɗin bai shirga ƙarya ba, rabin magana ya faɗa, rabin da ya bari kuwa shi ne mai nauyi.

Abin da gashi ke yi wa hanji

Mun saba cewa "gashi", amma babu wuta babu zafi a cikinsa. Wani haske ne da ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Jikin mutum fiye da rabinsa ruwa ne. Idan hasken ya ratsa, yakan farfasa ƙwayoyin ruwan da ke cikin tsoka, sai wasu gutsattsarin sinadari masu ɓarna su fallatsa. Ni tartsatsi nake ce musu idan ina yi wa marasa lafiyana bayani, don haka suke: ba sa kai ƙiftawar ido suke mutuwa, amma duk abin da suka faɗa wa sai sun ƙona shi. Abin da ake so su ƙona shi ne kundin halittar da ke tsakiyar ƙwayar ciwon daji, wanda ba ta iya rabuwa ta hayayyafa sai da shi. Kusan kashi biyu cikin uku na aikin da irin wannan haske ke yi, ta hanyar tartsatsin nan yake yin sa. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bakin mahaifa ba shi kaɗai yake zaune a mara ba. Dubura na bayansa, mafitsara na gabansa, ƙananan hanji kuma sun zubo sun kwanta a samansa. Duk iya saitin da za a yi, sai hasken ya taɓa maƙwabta. Hanji kuwa yana cikin sassan jiki da suka fi saurin jin gashi, saboda shimfiɗar cikinsa kullum cikin sabuntawa take, duk kwana uku zuwa biyar sai ta canza gaba ɗaya. Sababbin ƙwayoyin daga wasu 'yan ramuka suke tsirowa a gindin shimfiɗar. Ki ɗauke su kamar gadon iri da masu noman rani ke yi a bakin kogin Galma kafin dashe. In aka ƙona gadon iri yau, gonar tumatir ba za ta nuna komai ba, kore shar za ki gan ta. Sai tsofaffin shuke-shuken sun ƙare, an zo dashe babu abin dasawa, sannan fili zai bayyana. Shi ya sa makon farko Mama ba ta ji komai ba, sai a na biyu zuwa na uku gudawa ta zo. Shimfiɗar ta yi siriri, ba ta shanye ruwa da abinci yadda ta saba, ga kumburi, ga hanji yana sauri.

A ƙa'ida, mai ciwon bakin mahaifa ana yi mata gashin waje zama 25 zuwa 28, kwana biyar a mako, sannan a ƙara da na ciki, wanda ake sa na'ura ta farji har bakin ciwon. Da yawa ana haɗa musu da ƙarin ruwan maganin daji, wato kemo, mai suna sisfilatin sau ɗaya a mako, shi ma yana ƙara wa hanji nauyi. Saboda haka abin da ke damun Mama ba baƙon abu ba ne, yawancin waɗanda ake gasa wa mara sai sun ɗanɗana shi, wasu kaɗan wasu da yawa. Matsalar ma ta girmi kakanninmu: a 1895 Bajamushen nan Rontgen ya gano hasken, a 1897 wani likita a Ingila mai suna Walsh ya riga ya ba da rahoton mutumin da ciwon ciki da gudawa suka kama saboda yawan mu'amala da shi.

Wannan na yanzu shi ne rauni na kusa, kuma labarinsa mai daɗi ne, galibi yakan lafa cikin makonni biyu zuwa shida bayan an gama gashi, don gadon irin yana farfaɗowa. Akwai rauni na nesa, wanda kan zo bayan watanni ko shekaru, shi tafiyarsa daban, maganarsa da bitamin ma daban. Zan zo kansa.

Inda bitamin suka shigo, da inda gizo ke saƙa

Kin san yadda man gyaɗa ke canza wari in ya daɗe a buɗe, ko yadda yalo ke yin baƙi jim kaɗan bayan an yanka shi, ko kwanon rufi ya yi tsatsa. Duk aikin iska ne a kan abu, kuma dangin abin da tartsatsin nan ke yi wa tsoka ne. Sinadaran da ke tare wannan ɓarna su ake kira antioksidan. Bitamin E yana zaune cikin kitsen bangon ƙwayar halitta, yana cafke tartsatsi kafin ya huda. Bitamin C yana yawo cikin ruwan jiki, yana kashe nasa, yana kuma farfaɗo da bitamin E in ya gaji. Akwai sinadarin karotin da ke sa karas da manja ja, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. To mai hankali zai ce: tunda tartsatsi ke ƙona hanji, a cika jiki da masu kashe tartsatsi mana. An gwada a kan ɓeraye, aka ba su bitamin E kafin a haska cikinsu, aka kuwa ga hanjinsu bai lalace kamar na sauran ba. Yawancin abin da kika gani a intanet daga irin wannan gwaji ya samo tushe.

Sai dai ɓeran nan lafiyarsa lau, ba shi da ciwon daji a ciki. Mama tana da shi, kuma tartsatsin da muke ƙorafi a kansa shi ne maganin da ta je Shika nema. Ƙwayar bitamin da aka haɗiya ba ta ɗauke da adireshi. Jini zai kai ta hanji, zai kuma kai ta cikin ciwon. In ta iya yi wa hanji laima, me zai hana ta yi wa ciwon? Wannan shi ne tsoronmu, kuma ba zato ba ne kawai.

A yankin Kebek na ƙasar Kanada an yi wani bincike da aka fitar da sakamakonsa a 2005. Mutum 540 masu ciwon daji na baki da maƙogwaro da ake yi wa gashi aka raba gida biyu. Rabi aka ba su bitamin E na 400 a kullum, daidai irin wanda ke hannunku, da farko ma har da karotin, rabi kuma aka ba su ƙwayar da babu komai a cikinta, ba tare da kowa ya san wadda yake sha ba. Waɗanda suka sha haɗin bitamin ɗin sun ɗan sami sauƙin ƙunar gashi. Amma da aka ci gaba da bibiyarsu, sai aka ga ciwon ya fi dawowa a cikinsu, daga baya kuma aka ga mace-mace ma sun fi yawa a ɓangarensu. Da aka sake tantancewa, illar ta fi taruwa a kan waɗanda suka ci gaba da shan taba lokacin gashin.

Adalci ne in ce wannan a maƙogwaro aka yi shi ba a mahaifa ba, kuma ina zaton Mama ba ta shan taba. Amma shi ne gwaji mafi girma irinsa da aka yi a kan masu gashi, kuma inda ya nuna ba wurin zuwa ba ne. Ba shi kaɗai ba ne kuma ya koya mana cewa yawan bitamin ba yawan lafiya ba ne. A Finlan, a wani gwaji kan maza mashaya taba kusan 29,000 da sakamakonsa ya fito a 1994, waɗanda suka sha karotin ciwon dajin huhu ya ƙaru a cikinsu da kashi 18 cikin ɗari. A Amurka, a 2011, binciken maza sama da 35,000 ya nuna masu shan bitamin E na 400 kullum sun fi kamuwa da ciwon dajin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, da kashi 17 cikin ɗari. Duk waɗannan an fara su ne da kyakkyawan zaton cewa bitamin ɗin zai yi rigakafi.

Ni a lissafina, gudawar gashi wahala ce mai wucewa, kuma muna da magungunanta da ba sa shiga tsakanin gashi da ciwo. Dawowar ciwon bakin mahaifa bayan an gama gashi kuwa abu ne da sau da yawa ba mu da hanyar warkar da shi, don wurin da aka gasa sau ɗaya da wuya ya ɗauki cikakken gashi na biyu. Kada garin neman gira a rasa ido.

Akwai abu guda da ya ɗan fita daban, shi ne siliniyom. Shi ba bitamin ba ne, ma'adini ne da jiki ke buƙata ɗan mitsitsi don haɗa nasa makaman kashe tartsatsi. A Jamus, a 2010, an gwada shi a kan mata 81 masu ciwon mahaifa da bakin mahaifa da ake yi wa gashi, gudawa mai tsanani ta kama kusan kashi 20 cikin ɗari na waɗanda suka sha, a sauran kuwa kusan kashi 45. Amma ki lura, sai da aka auna jinin matan nan aka ga siliniyom ɗinsu ya yi ƙasa kafin a sa su a gwajin. Cike giɓi aka yi. Cike giɓi daban, tula wa jiki abin da bai rasa ba daban, kuma siliniyom in ya yi yawa guba ne.

Kwalaben da ke hannunku

Ko da a ce babu batun kare ciwon, waɗannan biyun suna da nasu laifin ga mai gudawa. Abin da mace ke buƙata na bitamin C a rana miligiram 75 ne. Ƙwaya ɗaya ta 1000 ta ninka haka sau goma sha uku. Hanji mai lafiya ma ba ya iya shanye duka, ragowar takan tsaya a ciki ta jawo ruwa, ta sa gudawa. Ina kuma ga hanjin da ya riga ya saɓule?

Ba na mantawa da wata dattijuwa da aka kawo min daga wajen Giwa, tana mako na huɗu. Idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, an ba ta maganin tsayar da gudawa amma kamar ana zuba ruwa a kwando. Na tambayi ɗanta ko tana shan wani abu ban da namu, ya ce babu. Na ce ya miƙo min ledar da ke hannunsa. Ya zazzage ta a kan tebur: ga namu, ga wata doguwar roba ta bitamin C mai kumfa saura ƙwaya biyu, ga ƙullin garin magani a takardar jarida, ga gorar ruwa da wani jiƙo ruwan ƙasa-ƙasa. Da na ɗaga robar sai ya ce, "Ai wannan ba magani ba ne Likita, lemo ne, safe da rana da dare nake jiƙa mata don ta sami ƙarfi." Miligiram 3000 ke nan a rana. Yaron nan ƙaunar uwarsa ce ta sa shi, kuma kuɗin da ya kashe ba kaɗan ba ne. Muka tsayar da robar da jiƙon, aka yi mata ƙarin ruwa, cikin kwana uku zagayen ya ragu ƙwarai, ta kuma ƙarasa gashinta. Tun daga nan na daina tambayar "tana shan wani magani?" Sai dai in ce a zazzage leda.

Ga kuma ƙoda. Sisfilatin yana wahalar da ita, ciwon bakin mahaifa kansa yakan danne bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, gudawa kuma tana ƙafar da ruwan jiki. Yawan bitamin C yana rikiɗewa ya zama wani gishiri da ƙoda ce ke fitar da shi, wanda kan taru ya zama tsakuwa. Ba lokacin ɗora mata wannan kaya ba ne. Bitamin E kuma buƙatar jiki miligiram 15 ce a rana, ƙwayar 400 ɗin nan ta ninka haka fiye da sau goma, kuma yawansa yana rage daskarewar jini. Mai ciwon bakin mahaifa da ma zubar jini ce ta fara kai ta asibiti.

Wannan bai shafi maganin ƙarin jini ko 'yar ƙwayar bitamin ta yau da kullum da likitanta ya rubuta mata da kansa ba. Ƙarancin jini ma yana rage wa gashi kaifi, don haka in an rubuta mata, ta sha.

A kwano za ta samu

Babu wanda ya ce Mama ta guji bitamin. Abin da ke cikin abinci bai kai yawan da zai ba mu tsoro ba, kuma hanjin da ke gyara kansa yana buƙatarsa. Lemon zaƙi ɗaya matsakaici ya kusa biya mata buƙatar bitamin C ta yini, sai dai a matse a tace, a surka da ruwa, in kuma ta ji yana tayar mata da ciki a bari. Gwanda nunanniya ta fi sauƙi. Gwaiba ta fi su duka bitamin C, amma 'ya'yanta da ɓawonta ba na yanzu ba ne. Dafaffen karas, kabewa, dankalin Hausa, da ɗan manja a miya sun isa karotin. Man gyaɗan girki da kunun gyaɗa marar kauri suna kawo bitamin E. Ayaba tana mayar da sinadarin fotashiyam da gudawa ke kwashewa.

A 'yan makonnin nan a sassauta mata: tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuɓewa ko kuka ba yaji, farar shinkafa, faten dankali, kunu, romon kaza ko kifi da aka yaɗe kitsensa, dafaffen ƙwai. Kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida ya fi a cika mata kwano sau biyu. A ɗaga mata ƙafa daga attaruhu, soye-soye, wake, ɗanyen ganye irin kwaɗon zogale da rama, da lemon kwalba. Na san darajar zogale a wurinmu, zai dawo bayan an gama. Madara da nono sukan ƙara wa wasu gudawa a wannan lokaci saboda sinadarin da ke narkar da su a saman shimfiɗar hanji yake, shi ne kuma ya goge. Kindirmo mai tsabta ya fi sauƙin karɓuwa, ta gwada kaɗan ta gani. Kunun tsamiya a dakata da shi, tsamiya tana sakin ciki. Duk wani jiƙo ko tsimi da ba a san abin da ke ciki ba a ajiye, da yawansu akwai filasko, shi kuwa aikinsa ke nan wanke ciki.

Abin da ya fi bitamin amfani a makon nan

Na farko ruwa. A sami garin gishiri da sukari na leda da ake sayarwa a kyamis, a narka leda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato fiya-wata biyu. In babu, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokalin na gishiri, a lita ɗaya. Ta riƙa kurɓa duk bayan zagaye. In azumin nafila take yi, ko Ramadan ya riske ta a haka, ta san tana cikin waɗanda Allah ya yi wa rangwame.

Sannan a gaya wa likitanta yau, ba sai ranar ganin likita ta mako ta zagayo ba. Akwai maganin rage gudun hanji mai suna lofaramaid, mai araha ne kuma yana aiki sosai, amma likita ne zai ce a fara, bayan ya tabbatar ba ƙwayar cuta ce ta shiga ba. A garinmu ba kowace gudawar mai gashi ce ta gashi ba, atini da taifot ba sa jin kunyar mai ciwon daji. Akwai kuma shaidar cewa ƙwayoyin halittu masu amfani, irin waɗanda ke sa nono ya yi tsami, suna rage gudawar gashin mara, ana samunsu a ƙwayar magani, ku tambaye shi ko sun dace da ita.

Wani abin da ake rainawa: cikar mafitsara. In ma'aikatan ɗakin gashi sun ce ta sha ruwa kaza ta riƙe fitsari kafin ta hau na'ura, ta bi wannan sau da ƙafa. Mafitsara in ta cika takan tura ƙananan hanji sama, su fita daga hanyar hasken. Kofin ruwa biyu a kan lokaci ya fi kwalbar bitamin E kare hanji, kuma kyauta ne.

Abin da nake roƙonku da shi, kada ku ce ta huta a gida kwana biyu har cikin ya lafa ba da sanin likita ba. Gashin bakin mahaifa ana so a kammala shi duka, na waje da na ciki, cikin mako takwas. Duk ranar da aka ƙara a kan haka, ciwon yana samun sararin farfaɗowa. In hutun ya zama dole, likita ne zai yanke, ya kuma san yadda zai rama. Amma in kun ga zazzaɓi, ko jini a bayan gida, ko amai da ya hana ruwa zama, ko fitsari ya ragu ƙwarai, ko jiri in ta miƙe, ko ciki ya kumbura ya ɗaure, ko zagayen ya kai bakwai a rana, wannan ba na jiran gobe ba ne, ku kai ta sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.

Bayan an gama gashi

A nan ne maganar bitamin ke ɗan samun wurin zama. Wasu daga cikin waɗanda aka gasa wa mara, bayan wata shida, ko shekara biyu, wani lokaci ma fiye da goma, sukan dawo da sabuwar matsala. Wannan karon ba gadon iri ba ne, ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da hanji ne suka tsuke sannu a hankali, bangon hanjin ya yi tabo ya taurare, wasu siraran jijiyoyi marasa ƙwari suka tsiro a dubura suna fashewa. Sai a ga jini a bayan gida, ko matsuwar da ba ta jira, ko gudawa da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ko rama. Na ga wata baiwar Allah da ta shekara guda tana shan maganin basir na gargajiya, ta zo jininta ya yi ƙasa har ba ta iya hawa matakala, ashe tabon gashin da aka yi mata shekara biyu baya ne. Ki riƙe wannan saboda gaba: duk jinin da Mama ta gani ta dubura bayan gashi, kada a ce basir ne sai an leƙa da na'ura.

A wannan mataki gashi ya riga ya gama aikinsa, tsoron yi wa ciwo laima ya ragu. An gwada bitamin a nan. A Shikago ta Amurka, a 2001, an ba mutum 20 masu irin wannan rauni a dubura bitamin E da C tare, da yawansu suka ce jini da gudawa da matsuwa sun ragu. Sai dai babu rukuni na biyu da aka kwatanta su da shi, raunin kuma yakan yi sauƙi da kansa a wasu. A 2005 an gwada bitamin A na kwana 90 a kan mutum 19: bakwai cikin goma da suka sha sun ji sauƙi, biyu cikin takwas da aka tantance a waɗanda ba su sha ba. Abin ƙarfafa gwiwa ne, amma mutum 19 ko layin safe na asibitinmu ba su cika ba, bitamin A kuma taruwa yake a hanta, yawansa yana lalata ta, yana kuma nakasa ɗan tayi. Na baya-bayan nan a Ingila aka yi shi, da wani nau'in bitamin E da aka tato daga kwakwar manja, aka haɗa shi da maganin buɗe jijiyoyin jini, aka gwada a kan mutum kusan 60 da tsari mai kyau. Sakamakon da ya fito a 2022 bai nuna wani amfani ba.

Don haka a aikina ba da bitamin nake farawa ba. Mai zubar jini akwai maganin sukralfet da ake narkawa a ɗura ta dubura, akwai ƙona bakin jijiyoyin ta na'urar leƙa hanji. Mai gudawa sai a nemi dalilinta, don sau da yawa ruwan ɗacin matsarmama ne hanji ya kasa mayarwa, ko ƙwayoyin cuta suka yi yawa a inda hanji ya tsuke, kowanne da maganinsa. Bitamin da na fi rubutawa a wannan mataki ma ba ya cikin waɗanda kika tambaya, B12 ne, don ƙarshen ƙananan hanji ne kaɗai ke shanye shi, wurin kuma a mara yake kwance, daidai inda haske ya bi. In ya yi ƙasa allura ake yi. Wanda ya gama gashi da daɗewa, an duba ciwon bai dawo ba, ba ya shan maganin tsinka jini, ya ce yana so ya gwada E da C, nakan yarda mu gwada na 'yan makonni da ranar dawowa a rubuce. In ba mu ga canji ba mu tsayar.

Ni ban ga Mama ba, ban ga awon jininta da na ƙodarta ba, ban kuma ga taswirar gashinta ba, wanda ke riƙe da fayil ɗinta shi ke da magana ta ƙarshe. Abin da za ki sauƙaƙa masa da shi: ki sami 'yar takarda daga yau ki riƙa jan layi duk zagayen da ta yi, dare da rana, ki rubuta ko da jini ko majina, da abin da ta iya ci, da sau nawa ta yi fitsari. Ki haɗa da ledar magungunan gaba ɗaya, har da kwalaben nan biyu da duk wani ƙulli da 'yan dubiya suka kawo. 'Yar'uwar da ta sayo su kuma a yi mata godiya, in tana son ƙara wani abu a ce mata gwanda da kaza.